Sau uku fayil ɗin ɗana yana ɓacewa a asibiti: shi ya sa farfaɗiyarsa ta ƙi lafawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara 9 yana fama da farfaɗiya tun yana shekara 6. Asibiti ɗaya muke zuwa a cikin garin Sakkwato, amma sau uku ana ce mana ba a ga fayil ɗinsa ba, sai a buɗe na wucin gadi. Duk likitan da muka tarar sai ya faro tambaya daga tushe, kuma sau biyu ana canza masa magani. Har yanzu yana faɗuwa kamar sau biyu a wata. Ɓatan fayil ɗin na da hannu a ciki? Me zan yi? Daga wani uba a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaro lafiya, ya saka maka bisa wannan ɗawainiya. Ƙwarai yana iya zama da hannu, kuma ba ƙarami ba.

Da wuya likita ya ga farfaɗiya da idonsa. Mai hawan jini ana ɗaura masa na'ura a ga lamba, mai zazzaɓin cizon sauro a ɗibi jininsa. Mai farfaɗiya kuwa da ƙafarsa yake shigowa garau, faɗuwar ta auku a gida ko a makarantar allo tun kwana goma. Hatta awon EEG, wanda ke ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, yakan fito lafiya lau ga masu ciwon da yawa idan an yi shi a lokacin da suke ƙalau. Abin da likita ke aiki da shi kenan biyu ne: labarin da kuka ba shi, da rubutun wanda ya riga shi ganin yaron.

Ga inda aka fi samun kuskure. Da kilo ake auna wa yara magani. Maganin farfaɗiya kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, yawanci miligiram 10 zuwa 20 ne a kowane kilo a rana. A ce yaro ɗan shekara 6 mai kilo 20 an ɗora shi a kan miligiram 200 a rana, yana daidai bakin ƙa'ida. In ya kai shekara 9 ya zama kilo 28 ba a taɓa adadin ba, rabonsa ya koma wajen miligiram 7 a kowane kilo. Maganin bai gaza ba, jikin yaron ne ya wuce shi. Likitan da ke riƙe da fayil zai ga tsohon nauyi da sabo, ya ƙara. Wanda aka miƙa wa farar takarda kuwa zai ji an ce "maganin ba ya aiki", sai ya canza. Na kawo lissafin ne don ka gane yadda abin yake, ba don a ƙara ƙwaya a gida ba.

Canjin ma ba a yinsa dare ɗaya. Sabon magani da kaɗan ake farawa, a riƙa ƙarawa cikin makonni, sannan a janye tsohon a hankali. A ƙa'idar likitoci ba a cewa farfaɗiya ta gagari magani sai an gwada magunguna biyu da suka dace da nau'inta, kowanne a cikakken adadi, ana sha ba fashi. In babu rubutu, wa zai shaida an yi haka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai kuma an ba su maganin da ya dace. Saboda haka kada ka ɗauka ɗanka yana cikin waɗanda suka gagara tun ba a tantance an ba shi cikakken magani ba.

Fayil nagari, shafinsa na farko tarihi ne: ko naƙudarsa ta yi tsawo, ko ya yi kuka da aka haife shi, ko ya taɓa sanƙarau (Sakkwato na cikin jihohin da annobar 2017 ta shafa), zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, buguwar kai a haɗarin kabu-kabu, ko akwai mai irin ciwon a dangi. Sai siffar faɗuwar kanta, kuma a nan ne rubutun asibiti ya fi rauni. Rubuta "jijjiga" kawai bai wadatar ba. Taune-taunen da ke kama yaro tsakanin wata 6 da shekara 5 saboda zafin jiki ba farfaɗiya ba ne. Akwai kuma yaran da ba sa faɗuwa sam, sai dai su yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi kamar hankalinsu ya tafi wani wuri. Irin wannan farfaɗiyar, kabamazafin na iya ƙara tsananta ta, wani maganin mai suna Epilim ya fi dacewa da ita. A kowane zuwa kuma a rubuta nauyi, yawan faɗuwa tun zuwan baya, sunan magani da ƙarfinsa da lokutan sha, kwanakin da aka yi fashi, da ranar dawowa. Idan magani ya taɓa fito masa da ƙuraje ko gyambon baki, wannan a bangon fayil ya kamata ya zauna da jan biro, domin maimaita shi kan iya saɓule fatar mutum har ya kai ga rasa rai. Da 'ya mace ce da ta tasa, da na ƙara maganar Epilim da juna biyu, saboda yana iya nakasa ɗan tayi.

Rubutun ɗakin gaggawa ma rai ne. Jijjigar da ta kai minti 5 ba a jira ta tsaya da kanta. A nan ana rubuta ƙarfe nawa ta fara, sukarin jini, zafin jiki, sakamakon gwajin maleriya, da adadin diyazefam (maganin tsayar da jijjiga) da aka bayar da lokacinsa. Yawanci sau biyu ake bayar da shi, daga nan a koma wani magani, don yawansa na danne numfashi. In an yi wa yaro allura a ƙaramin asibiti aka turo shi ba takarda, babban asibiti zai ƙirga daga ɗaya alhali an riga an yi.

Yanzu abin yi. Fayil ba kasafai yake ɓacewa gaba ɗaya ba. Ko dai ya maƙale a ɗakin kwanciya bayan sallama, ko an jera shi a lambar wani, ko an rubuta sunan ta hanya biyu. A garin da Bello da Shehu da Usman suka yi yawa, wannan abu ne mai sauƙin faruwa. Ka je ofishin kati a ranar da ba ta ganin likita ba, da duk ƙananan katunan da aka taɓa ba ka, ka nemi shugaban sashen, ka roƙi a nemo na asali a haɗe na wucin gadin uku a cikinsa ƙarƙashin lamba ɗaya. Ba alfarma kake nema ba: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa kowane asibiti ajiye bayanan majinyaci da kare sirrinsa. Ka ɗauki hoton lambar a wayarka, kada ka sake yarda a ba ka sabuwa.

Sannan ka sayi littafin rubutu mai kauri ya zama na yaron shi kaɗai, ya zauna a hannun mahaifiyarsa tunda ita ta fi ganin abin. Kowace faɗuwa layi ɗaya, da boko ko da ajami: rana, lokaci, minti nawa ta ɗauka a agogo, ta wane ɓangaren jiki ta fara, ya ciji harshe ko ya saki fitsari, da abin da ya gabace ta, kamar zazzaɓi, rashin barci ko ƙarewar magani. Rubutun sha ko sassaƙen da aka ba shi ma a sa, likita na bukatar sani. In jijjigar ta taso, wani ya kwantar da shi ta gefe ya kawar da abin da zai ji masa rauni, ba tare da cusa cokali a baki ba, wani ya ɗauki bidiyo da waya. Minti ɗaya na bidiyo ya fi dogon bayani. Kwalayen magungunan da ya sha a baya, in suna nan, ka tafi da su. Kafin ka tashi daga gaban likita, ka roƙe shi ya rubuta nauyin yaron da adadin magani a littafin naka.

Faɗuwa biyu a wata bayan shekara uku ta isa a nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa na yara. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware duk suna ganin masu farfaɗiya. Kafin ranar, yaro ya ci gaba da maganin da yake kai a kan lokaci, kuma ka sayi na gaba tun saura mako guda na hannu ya ƙare, domin yanke shi kwatsam na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa.