Amsar tambayarka kan al'adar gajarta takun lokaci

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan karatunka a Samaru. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce kana kwaikwayon zubar dawa daga mazurari a manhajar LIGGGHTS, mai kwaikwayon motsin ƙwayoyi a kwamfuta, amma da zarar ƙwayoyin sun fara taruwa sai su tarwatse kamar gugguru a kasko, wasu ma su keta bango su ɓace. Ka kuma tambaye ni ko al'adar nan ta riƙe takun lokaci, wato ɗan lokacin da kwamfuta take tsallakewa tsakanin lissafi ɗaya da na gaba, a kashi 20 cikin 100 na lokacin Rayleigh, ko ƙasa da haka, tana da tushe, ko kuwa gado ne kawai daga zamanin da kwamfutoci ba su da ƙarfi.

Tana da tushe ƙwarai. Da raunin kwamfuta ne ya haife ta, ai da tsawaita takun magabata za su yi, domin gajeren taku shi ne yake cinye musu kwanaki. Hanyar da kake amfani da ita wasu masana biyu, Cundall da Strack, su ne suka shimfiɗa ta a 1979, kuma dabararta ita ce a bar ƙwayoyi biyu su ɗan shige cikin juna, sannan a ɗauka akwai sifirin, irin ƙarfen nan mai komawa idan an danne shi, a tsakaninsu wanda yake tunkuɗa su gwargwadon zurfin shigar. Kwamfutar ba ta kallon ƙwayoyin a kowane lokaci. Takan duba inda suke, ta lissafa ƙarfin da ke kansu, ta matsa da su taku ɗaya ido a rufe, sannan ta sake dubawa. Ka ƙaddara mutum yana ratsa kasuwar Sabon Gari ba ya buɗe ido sai bayan taku goma. Kafin ya ankara ya afka cikin rumfar mai hatsi. Haka ƙwayar take nitsewa cikin 'yar'uwarta idan takun ya yi tsawo, sai sifirin ya wurgo ta da ƙarfin da ya fi wanda ta zo da shi. Wannan rarar kuzari ba daga ko'ina ta fito ba sai daga kuskuren lissafi, kuma kowane karo yana ƙara ta har tsibin ya fashe.

Lokacin Rayleigh kuwa shi ne ɗan lokacin da girgiza take ɗauka kafin ta ratsa fatar ƙwaya guda. Yana raguwa idan ƙwayar ta ƙanƙance ko ta yi tauri, shi ya sa ƙwaya mafi ƙanƙanta a cikin taron ita ce take yanke wa kowa hukunci. Idan ka zuba ɗan tsaki mai rabin girman dawar, dole ka raba takun biyu. Kashi 20 ɗin ba aya ba ce, rata ce da aka bari saboda a cikin tsibi ƙwaya ɗaya takan jingina da maƙwabta da yawa a lokaci guda.

Sai dai kada ka ɗora wa takun lokaci laifin da ba nasa ba. Ka lura da lokacin da fashewar take faruwa. In tun farkon farawa ce, to ƙwayoyin an haife su ne a cikin juna ko a cikin bango, kuma gajarta taku ba za ta warkar da wannan ba. Sai ka zuba su da tazara, ka bar su su faɗo su kwanta kafin ka buɗe bakin mazurarin. Ka kuma binciki ma'auni. Ni kaina na taɓa ɓata makonni uku saboda na rubuta 2 a inda manhajar take jiran mita, alhali milimita nake nufi, sai kowace ƙwaya ta ninka nauyinta sau biliyan ɗaya. Har yau ina jin zafin waɗannan makonni.

Akwai wata al'adar da za ka ji ana yi, wato rage taurin ƙwayoyi don aiki ya yi sauri. Idan ka rage shi sau 100, takun yana iya tsawaita sau 10. Ban hana ka ba, amma da sharaɗi: shigar ƙwayoyi cikin juna kada ta wuce kusan kashi 1 cikin 100 na faɗinsu, in ba haka ba dawarka ta koma roba, sakamakon kuma ba zai yi kama da abin da ke cikin rumbu ba.

Abin da nake so ka yi a wannan makon shi ne ka ajiye babban aikin, ka saki ƙwaya ɗaya tak a kan faranti ka ga ko tsallenta yana raguwa daidai da adadin raguwar da ka sa mata a manhajar. Daga nan ka zuba 'yan ɗaruruwa, ka sa ido kan jimillar kuzarin motsi, wanda ya kamata ya yi ta sauka har ya kusa sifili bayan sun kwanta. Sannan ka raba takun biyu ka maimaita; in sakamakon ya sauya sosai, takun farko bai isa ba. Bayan haka ka sayi mudun dawa, ka zuba a tire, ka auna gangaren tsibin da idonka da ma'auni, ka daidaita gogayyar ƙwayoyinka har tsibin kwamfuta ya yi kama da shi.

In ka shigo Tudun Wada ranar Juma'a, ka taho da kwamfutar da fayil ɗin umarnin, mu duba layin da kake zuba ƙwayoyin tare, domin can na fi zargi. Ka gaishe da mahaifiyarka.

Baffanka.