Shanu sun ci mini gona: nawa ya kamata in nema a zaman sulhu?

Tambaya: Malam, shanun wani makiyayi sun afka gonata da dare, sun cinye wake da dawa. Ɓarnar ba ta wuce ta buhu uku ba. Za mu zauna gaban mai gari, 'yan'uwana kuma sun ce in nemi kuɗin buhu goma tunda baƙo ne, a tsorace yake. Ai ciniki ne, ko da laifi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri. Diyya haƙƙinka ce, kada ka ji nauyin nemanta. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hukuncin Manzon Allah (SAW) kan taguwar Barra'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a wani lambu: tsaron gona da rana yana kan mai ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ne za su biya.

Amma zaman da za ku yi ba cinikin kasuwa ba ne. A kara, idan ka tsauwala wa mai saye, sai ya ce ya yi tsada ya wuce gaba. Wannan bawan Allah ba shi da inda za shi, wataƙila ma shanunsa na tsare a ƙofar mai gari. Buhu bakwai ɗin da ka ɗora, kuɗin tsoronsa ne, ba na wakenka ba. Zai biya, ya sayar da karsana yana haɗiye baƙin ciki, baɗi kuma ta nan zai sake biyowa. Irin wannan sulhun ne ke ba ni tsoro, domin daga shi ake komawa ga sanda da adda.

Kafin a ambaci ko kwabo, ku taka zuwa gonar tare: kai, shi, ardonsa, wakilin mai gari da dattijo manomi wanda ba ya cikin danginku. A ƙirga kunyoyin da aka ci, a duba karan da ya karye da wanda zai farfaɗo, a ƙiyasta damin da za a samu, sannan a yi kuɗi da farashin kasuwar makon nan.

Akwai tambayar da manoma ba mu son ji: gonar ta shiga burtali? Idan ta ci hanyar shanu, ka faɗa da bakinka, a rage maka gwargwadon haka.

In ba shi da kuɗin a hannu, ku yanka rana, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu.