In Shiga Jami'ar Intanet Ko In Sake Zana JAMB?

Tambaya: Malam, ni tela ne a Gusau, shekarata 24. Sau uku ina zana JAMB, maki yana fitowa amma gurbi ya ƙi samuwa. Wani abokina ya ce in huta da wahala in shiga jami'ar da ake karatu ta intanet. Na kwashi adashe, kuɗin suna hannuna. Digirin na gaske ne, ko asara zan yi? Kuma wayata ta isa, ko sai na sayi kwamfuta?

Amsa: Ƙanina, ba kai kaɗai ba ne. Kusan mutum miliyan 2 ke zana JAMB a shekara, azuzuwan jami'o'inmu kuwa ba za su ɗauke su duka ba. Wannan cunkoso ne ya sa gwamnatoci ke buɗe jami'ar da ba ta buƙatar kujera da ɗakin kwana. Kenya ta buɗe tata a 2023. Tamu, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya da ake kira NOUN, ta girme ta nesa ba kusa ba: an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai da Obasanjo ya dawo mulki aka farfaɗo da ita. Shi kansa daga baya ya yi digirin digirgir a cikinta. Ta gwamnatin tarayya ce, hedikwatarta na Jabi a Abuja, kuma digirinta na gaske ne.

Inda ake zubar da kuɗi shi ne wajen masu talla a Facebook da WhatsApp, masu alkawarin digiri cikin wata shida daga wata jami'a ta ƙetare. Kafin ka biya ko sisi, duba sunan makarantar a jerin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, sannan ka tabbatar kwas ɗin da kake so shi ma an amince da shi. Batun bautar ƙasa kuma ka bincika shi tun yanzu: an daɗe ana bai wa ɗaliban NOUN takardar keɓewa maimakon tura su sansani, don haka ka je cibiyar karatu ta NOUN mafi kusa da kai ka ji halin da ake ciki daga bakinsu.

Abin da abokinka bai faɗa maka ba, babu malamin da zai tsaya a kanka. Littattafai a waya za ka sauke, aikin gida ta intanet za ka tura, jarrabawa kuma galibi sai ka je cibiya da ƙafarka. Ka auna da kyau: saura kwana goma sallah, shadda ta taru a kan tebur, masu kaya sai kira suke, ga aikin makaranta da za a rufe ƙarfe sha biyun dare. Nan ne da yawa suke sarewa. In ba za ka iya ware awa biyu bayan asuba ba, ajiye kuɗinka ka ƙara keken ɗinki. In za ka iya, ni dai ba zan ba ka shawarar sake ɓata shekara kana jiran gurbi ba.

Kada ka sayi sabuwar waya saboda wannan. Taka ta isa zangon farko. Sai dai karatun shafi ɗari biyu a ɗan gilashin waya azaba ce ga ido, rubutun aikin bincike kuma ba ya yiwuwa da babban yatsa. Bayan ka ga ka ɗore, nemi kwamfutar cinya ta hannu. Tafi da wanda ya san kanta, a cire caja a gabanka ka ga awa nawa batirin zai riƙe, domin da irin wutarmu batiri ya fi kyan jiki amfani. Sauran kuɗin adashen ka ware na data da na motar zuwa jarrabawa, ka ba Hajiya ta ajiye maka.