Alƙalamin Baba ya ƙi rubutu: a gyara ko a haƙura?

Wani mai karatu daga Yakasai ya rubuto: "Malam, muna kintsa kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai na tsinci alƙalaminsa mai shan tawada a akwatin takardu. Akawu ne tun zamanin En'e. Maƙalin murfin kamar kibiya yake, bakin kuma a lulluɓe, ɗan tsini kawai ya leƙo. Na tsoma shi a tawada, ko ɗigo bai yi ba. In kai wa mai gyaran agogo ne, ko in adana shi haka?"

Amin, Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan'uwa, kada ka kai shi ko'ina tukuna, kuma don Allah kada filaya ta taɓa shi. Kibiyar nan tambarin Parker ce, lulluɓaɓɓen baki kuma ya sa nake kyautata zaton Parker 51 ne, wanda ya fito a Amurka a 1941, daga baya aka riƙa ƙera shi a Ingila ma. Sai dai yana da masu kama. Akwai ƙaninsa Parker 21, mai araha, wanda robarsa ke saurin tsagewa, akwai kuma Hero 616 na Shanghai da aka kwaikwayo daga gare shi. Ɗauki murfin ka fita haske, ka duba gefen bakinsa da jikin maƙalin, galibi nan sunan yake.

Sai ka warware gangar jikin a hankali. In ka ga bututun ƙarfe mai ɗan wurin matsawa, da jakar roba a ciki, ka yi sa'a. Wannan tsarin na 1948 ne zuwa gaba, kuma jakarsa na da tsawon rai ƙwarai, da yawa suna aiki har yau. In kuwa gangar ba ta buɗewa, sai ɗan murfi a gindi da sandar dannawa a ƙarƙashinsa, tsohon tsari ne. Da alama robar cikinsa ta riga ta mutu, cire ta kuma sai da kayan aiki na musamman. Wannan kam kada ka tilasta masa.

Abin da ya fi yawan hana irin waɗannan rubutu shi ne tawadar da ta bushe a ciki shekara da shekaru. Ƙarƙashin lulluɓin nan akwai wasu siraran haƙarƙari masu riƙe tawada, su ne suka toshe. Samo kofi da ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba. Tsoma gaban alƙalamin kaɗai, ya kwana. Da safe ka matsa, ka saki, ya sha ya fitar, ka sake sabon ruwa. Za ka ga shuɗi ko baƙi yana fita kamar rini. Yana iya ɗaukar kwana uku, yana iya kai mako. In ya yi taurin kai, ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke, sannan ka ɗauraye sosai. Ban da ruwan zafi, ban da fetur, kananzir ko sifirit. Na taɓa rasa wani alƙalami da nake ji da shi saboda na gaji da jira na murɗa da ƙarfi, har yau abin na yi mini ciwo, shi ya sa nake nanata maka wannan.

Wata malamar Islamiyya daga Gwale ta tambaya ko za ta iya zuba tawadar allo a nata, tunda ta fi baƙi kuma ga ta a gida. Malama, a'a. Tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ƙaron nan kuwa shi ke sa ta kama allo, shi ne kuma zai liƙe siririyar hanyar da tawada ke bi zuwa baki. Alƙalamin kara ya dace da ita domin ana wanke shi ko a sake feƙewa. Haka ma tawadar hatimi da ta firinta, a guje su. Ki nemi kwalbar da aka yi don wannan aiki, kamar Quink ta Parker ko 4001 ta Pelikan, a shagunan littattafai na Sabon Gari.

Sai wani matashi daga Fagge, wanda mai kayan gwanjo ya nuna wa wani alƙalami, ya ce bakinsa zinariya ne, na Jamus, ya tsuga kuɗi. Ƙanena, launin ruwan ɗorawa ba shaida ba ne. Bakin zinariya yakan zo da hatimin 14K ko 585, ko kuma 18K ko 750. In abin da ka gani shi ne "Iridium Point Germany", to ƙarfe ne, kuma rubutun bai nuna a Jamus aka ƙera alƙalamin ba. Duba tsinin da kyau: akwai ɗan ƙwallo a ƙarshe, rabe biyu. In ɓari ɗaya ya fita, zai riƙa kartar takarda, gyaransa kuma yakan fi kuɗin alƙalamin. Shafa farce a bakin murfi ka ji ko da tsaga. In mai ɗan ƙarfen ɗagawa ne a gefe, irin wanda Sheaffer ya yi suna da shi, ɗaga a hankali. Ka ji tauri ko ƙaras-ƙaras, jakar ta bushe, sai ka rage kuɗin sabuwa daga tayinka.

Ka kuma ce na abokinka yana amai a aljihu. Zafin garin nan ne. In tawada ta yi ƙasa, iskar ciki takan kumbura ta turo ta waje, musamman a bazara. Ya riƙa cika shi, ya soke shi a aljihu baki na kallon sama, kada kuma ya bar shi a mota da rana. Da hunturu kuwa ya rufe murfin da zarar ya ɗaga hannu daga takarda.