Minti biyu ba ya ɗaukar fitowa 11: amsa ga ɗan'uwan da aka ba aikin buɗe fim

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun daren jiya na karanta tambayarka, amma sai da na kwana na tashi kafin na iya amsawa, domin abin da ka faɗa ya tayar mini da tsohon miki. Ka ce malaminku ya raba ku biyar-biyar, ya ce kowane rukuni ya shirya minti biyu na farkon fim mai sa zullumi, haɗe da fayil na bincike da tsare-tsare, kuma mako shida ya rage muku. Ka ce kun riga kun rubuta labarin garkuwa da mutum mai fitowa 11, wato kashi 11 na abubuwan da za su faru a fim ɗin, ba ku san ta inda za ku fara ba, sannan mutum biyu a cikinku ba sa zuwa zama. Mu ma biyar ne a shekararmu ta ƙarshe, kuma mu ma da garkuwa da mutum muka fara.

Ka yi haƙuri da abin da zan fara faɗa maka: labarin nan naku ya yi wa aikin yawa. Minti biyu daƙiƙa 120 ne, idan ka raba wa fitowa 11, kowace ba za ta samu cikakkiyar daƙiƙa 11 ba, wadda ko sallama da gaisuwa ba za ta isa ba. Mu a rubutunmu na farko mun saka tare mota, da harbi, da kukan uwa, da kiran neman kuɗin fansa, har da kama masu laifin. Malaminmu ya karanta, ya tambaye mu abin da muka bar wa sauran awa ɗaya da rabi na fim ɗin, muka yi tsuru-tsuru. Abin da aka nema a wurinku shi ne buɗe ƙofa, ba taƙaita labari ba, ba kuma tallar fim ba. Daga ƙarshe abin da ya rage mana shi ne magidanci ɗaya da ya dawo gida da almuru, ya tarar da kwaɗo a buɗe yana lilo a jikin ƙyaure, takalmin matarsa wari ɗaya a tsakar gida, rediyo yana ta magana shi kaɗai, sai wayarta ta fara ƙara daga cikin ɗakin da aka kulle ta waje. A nan sunan fim ya fito. Jarumi ɗaya, wuri ɗaya, babu magana ko guda.

Akwai misalin da Alfred Hitchcock, shahararren daraktan finafinan zullumi, ya bayar a hirarsa da daraktan Faransa François Truffaut ta 1962, wanda na tabbata malaminku zai so ya gani a fayil ɗinku, amma cikin kalmominku. Mutum biyu suna hira, akwai bam a ƙarƙashin tebur. Idan mai kallo bai sani ba, bam ya tashi, ya razana na 'yan daƙiƙoƙi shi ke nan. Idan kuwa tun farko an nuna masa bam ɗin da lokacin da zai tashi, to hirar banza ma sai ta hana shi sakat, yana ji kamar ya yi musu tsawa su tashi. Da muka fahimci haka sai muka ƙara hoto ɗaya tak kafin shigowar magidancin: ƙafar baƙo a ƙasan labulen ɗaya ɗakin. Daga nan duk takun da jarumin ya yi a tsakar gida sai ya zama abin fargaba, saboda mai kallo ya san abin da shi bai sani ba. Wannan hoton na daƙiƙa uku ya fi duk harbe-harben da muka soke amfani.

Game da binciken, kada ku kwafo bayanin wasu daga intanet ku cika takarda, malamai sun gaji da ganinsa. Ku zaɓi finafinai shida, biyu namu na Hausa, biyu na Indiya, biyu na Amurka ko Koriya, ku kalli mintuna biyun farko na kowane da biro da takarda a hannu. Ku ƙirga sau nawa aka yanka hoto, a wace daƙiƙa aka fara nuna fuska, wane sauti aka fara ji, sunan wa ya fara fitowa, na wa ya zo ƙarshe. A al'adar finafinan Amurka sunan darakta ne yake rufe jerin sunayen farko, kuma za ku gani da idonku. Ku sake kallo ba murya, sannan ku sake saurare ido a rufe. A nan ne na gane cewa finafinanmu sun fi dogara da baki, jarumi yakan faɗi abin da ke ransa, alhali irin fim ɗin da aka ba ku yana rayuwa ne a kan abin da aka ɓoye. Mun kuma zaga ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajenmu muna tambayar mutane abin da ya fi tsorata su a cikin gida. Babu wanda ya ce bindiga. Iyayenmu mata bugun ƙofa cikin dare suka ambata, da baƙuwar lamba da za ta kira ta yi shiru, da tsit ɗin da unguwa take yi idan an ɗauke wuta.

Amma binciken da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato na wurin ɗauka, kuma a nan ne aka cuce ni. Mun samu wani gida a bayan gari wanda ginin bai gama kammaluwa ba, mai shi yana wata jihar. Muka ɗora wa ɗaya daga cikinmu alhakin samo izini, tunda shi ya ce ɗan unguwar ne kuma mai unguwa kamar uba yake a wurinsa. Sau uku ina tambayarsa, sau uku yana dafa ƙirji yana cewa an gama komai, har ya karɓi kuɗin goro daga asusun da muka haɗa, kuɗin da wasunmu sai da suka rage cin abinci kafin su biya. Ranar ɗauka ya turo saƙo cewa ba shi da lafiya. Muka ce Allah Ya sawwaƙe, muka tafi mu huɗu da jarumi da yaron da zai tsaya a bayan labule.

Ana idar da sallar magariba muna tsakiyar aiki, sai muka ji hayaniya a waje. Ashe wata mata ta leƙo ta katanga ta ga baƙin samari a kango da fitilu, ɗaya ya rufe fuska da rawani yana riƙe da wuƙa, ga jan ruwa a ƙasa. Wuƙar ta katako ce da muka naɗe da takardar azurfa, jan ruwan kuma zoɓo ne, amma wa zai tsaya tantancewa a irin wannan zamani? Kafin mu ankara 'yan sintiri da matasan unguwa sun cika ƙofar da gorori. Aka durƙusar da mu a kan tsakuwa, aka haske mana ido da tocila, wani ya fizge kyamarar da muka yi haya ya riƙe ta ta madubi. Har yau ina jin yadda gwiwata take rawa, ina jin muryar wani a bayan taron yana cewa a fara dukanmu tukuna a yi tambaya daga baya. 'Yar'uwa ɗaya da ke cikinmu, wadda ita ce mai lura da kwantiniti, wato kada tufafi ko kaya su canza daga hoto zuwa hoto, kuka kawai take yi tana nuna katin makaranta, babu mai dubawa. Da ba don wani dattijo da ya fito daga masallaci ya ce a kai mu wurin mai unguwa ba, Allah kaɗai Ya san yadda za ta ƙare. Mai unguwa ya rantse bai taɓa jin zancenmu ba, kuma da muka ambaci mutumin namu sai ya ce shekara biyu rabon da ya sa shi a ido. Sai bayan ƙarfe goma na dare, da yayana ya zo ya tsaya mana, aka sallame mu.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba daren ba ne. Ranar gabatar da aiki wannan bawan Allah ya zo da sabon ɗinki, ya riga kowa miƙewa, ya yi bayanin yadda ya sha wahalar nemo lokeshin, wato wurin ɗauka, ya samu maki daidai da namu. Kuɗin gyaran madubin kyamara ni da wani muka biya, bai ba da ko sisi ba, bai kuma taɓa cewa mu yi haƙuri ba. Na yafe masa don Allah, amma idan na ce na manta na yi ƙarya. Saboda haka mutum biyun nan naku, kada ka jira su, kada kuma ka ɗora musu abin da idan ya rushe zai rushe da kowa. Ku rubuta aikin kowa da ranar da zai kawo shi, kowa ya sa hannu, ku saka takardar a fayil, domin ita ma shaidar tsari ce. Izini kuwa ka je da ƙafarka, da takardar sashenku mai hatimi, wurin mai gida da mai unguwa da shugaban 'yan sintiri, kuma idan akwai wani abu mai kama da makami ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ni dai shawarata ku cire makamin gaba ɗaya, mu ma da muka sake ɗauka a gidan kawuna ba mu sa shi ba, kuma babu wanda ya neme shi.

Ka je wurin a daidai lokacin da za ku ɗauka, ba da hantsi ba, ka zauna awa guda kana saurare. Za ka ji injin niƙan maƙwabta, da janareta, da lasifikar masallaci, da 'yan makarantar allo, duk abin da ba za ka iya kashewa ranar aiki ba. Hasken almuru da muke ƙauna a ƙasarmu gajere ne ƙwarai, daga faɗuwar rana zuwa duhu bai kai rabin awa ba, kuma lokacin salla ne, don haka sai da muka raba hotunan waje zuwa yammaci uku. Wannan ya jawo wata matsalar, domin jarumin ya je ya yi aski tsakanin rana ta ɗaya da ta biyu, dole muka sa masa hula muka sake na farko. Ku ɗauki hoton tufafinsa da inda kowane abu yake kafin ku tashi.

Kafin ranar ku zana kowane hoto a takarda, ko da 'yan sanduna ne da da'ira, ku rubuta tsawonsa a gefe. Idan kowane zai kai kimanin daƙiƙa huɗu, hoto 30 kuke nema, kuma a cikinsu ne sunaye za su zauna. Ku gwada ɗaukar duka da waya a ɗakinku, ku haɗa, ku gani ko zullumin ya tashi tun kafin ku biya kuɗin haya. Ku saita saurin ɗaukar kyamara a kan 25, wato ta riƙa ƙyasta hoto sau 25 cikin daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 ne a daƙiƙa, kuma idan kuka bar kyamarar a kan 30 kamar yadda wayoyi da yawa suke zuwa, wasu fitilun za su riƙa ƙyaftawa a hoton. Sauti kuma ku naɗe shi daban: ƙarar kwaɗo, takun takalmi, numfashi, da minti guda na shirun ɗakin, wanda zai cike muku giɓi wurin tacewa. Manhajar tace hoto ta DaVinci Resolve tana da ta kyauta, manhajar tace sauti ta Audacity ma kyauta ce, amma kada ku ɗauko kiɗan wani fim ku manna. Zoɓo kuwa idan ya bushe shuɗi-shuɗi yake komawa, zuma da jar kalar abinci sun fi shi kama da jini, idan har kun nace.

Duk daren da kuka dawo, ka kwafe abin da ke memori zuwa wuri biyu kafin ka kwanta, ɗaya ya kwana a hannunka. Fayil ɗina yana nan har yanzu, da zanen hotuna 31 da takardar izinin da muka rubuta a karo na biyu. Idan kana so zan ɗauki hotonsu in turo maka bayan la'asar, kai kuma ka turo mini fitowa 11 ɗin nan in ga wadda za mu bari.