Tarin da ya ƙi jin maganin asma

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekarunta 58, ba ta taɓa shan taba ba, amma shekara shida ke nan tana fama da busasshen tari da haki. An yi gwajin tarin fuka, ba shi ba ne. Maganin asma na shaƙa bai tsinana mata komai ba. Yanzu hoton CT ya nuna 'yan ƙulle-ƙulle a huhunta, likita yana zargin wani ciwon huhu mai suna DIPNECH. Ciwon daji ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Shi kansa ba daji ba ne, amma ba a sakaci da shi.

A bangon hanyoyin iska akwai wasu ƙwayoyin halitta jefi-jefi masu fitar da sinadaran homon. A wannan ciwon sai su yi ta hayayyafa ba gaira ba dalili, bangon ƙananan hanyoyin ya yi tabo ya tsuke. Iska ta shiga, fita ta gagara. Shi ya sa za ki ga Hajiya ta tsaya tana maida numfashi tsakanin ɗaki da tsakar gida. Shi ya sa kuma maganin shaƙa ya kasa: maganin yana sassauta hanyar da ta matse ne, tabo kuwa ba ruwansa.

A 1992 wani likita mai suna Aguayo da abokan aikinsa suka bayyana ciwon a jikin mutum shida. Ba kasafai ake ganinsa ba, kuma galibi mata ne da suka manyanta, marasa shan taba. Da yawa sukan shekara da shekaru ana ce musu asma ce.

Batun dajin, ga inda yake. Ƙullin da bai kai milimita 5 ba ana barinsa ana bibiya. Wanda ya kai 5 ko ya wuce, sunansa kasinoyid, nau'in daji ne mai tafiyar hawainiya, sau da yawa kuma ana iya cire shi.

Ni dai zan so a yi mata gwajin hura iska, a sake hoton tana fitar da numfashi, don a nan iskar da ta maƙale ke bayyana. Tabbaci sai an yanki tsokar huhu an duba, kodayake ba kowa ake yi wa ba. Allurar octreotide ko lanreotide kan rage tarin ga wasu. Ku tambayi likitanta wata nawa za a sake hoton, ku kuma adana tsofaffin, da su ake gane ko ƙullin ya ƙaru.