Cajin waya a tafiyar keke daga Damagaram zuwa Gure

Ɗan'uwa, ka ce za ka hau keke daga Damagaram zuwa Gure, kana kwana a daji, kana tambaya yadda waya da tocila ba za su mutu maka ba. Shawarata, fara da fawa bank. Mai 20,000 mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu da rabi zuwa uku, domin wani kaso na wutar yakan tafi a zafi yayin caji. Ka gwada shi a gida tukuna, jabu sun yi yawa a kasuwa.

Sai farantin sola mai naɗewa, kamar wat 20. Ɗaure shi a kan kayanka na baya, ya riƙa cajin fawa bank ɗin da rana, da dare kai kuma ka ɗura wa waya. Amma don Allah ka kiyaye zafi. A watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a nan, batirin waya kuwa ba ya son caji a zafin da ya haura digiri 45. Farantin ya sha rana, fawa bank ɗin ya zauna can cikin jaka, naɗe da tsumma. In lokacin hunturu ne, riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a fuskar farantin, tana rage ƙarfinsa sosai.

Dinamo na keke wat 3 kacal yake bayarwa, bai kai wahalarsa ba a ganina.

Inda babu rezo, sa wayar a yanayin jirgi, neman rezo na cinye batir. In ka tsaya cin abinci a Mirya ko Gidimuni, miƙa wa masu shagon caji fawa bank ɗin, wayarka ta zauna a aljihunka.